Fankon Mai Sabulu

Duk wanda ya shiga ɗakin Auta a watan nan, kwalayen yake fara gani: manya guda biyu masu ruwan zinare, an jera su kusa da keken ɗinki. Maƙwabta sai yabawa suke yi, wai Auta ta zama babbar 'yar kasuwa. Yayarta kuwa, wadda unguwa ke kira Mai Sabulu, abin da idonta ya faɗa a kai shi ne shatin gindin kofi a saman kwalin. Ba ɗaya ba, wajen biyar, wani kan wani. Kwalin ya zama teburin shan shayi, kuma salatif ɗin da aka manne bakinsa da shi ko farce bai taɓa shi ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mai Sabulu tana yawo da baƙar jaka, tun da aka rufe masana'antar da mijinta ke aiki. Sabulun wanka da man shafawa take sayarwa, na wani kamfani da ba shi da kanti, sai wakilai irinta masu bin gida gida. Mata huɗu ne suka shiga ta hannunta. In sun sayar, a ba ta ɗan kaso. In ba su sayar ba, ko sisi. Ba ta yi arziki ba. Ta dai sayi firji, kuma ba a taɓa koro mata yaro daga makaranta ba.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne tara fanko. Kowace robar mai da ta sayar, sai ta rubuta sunan mai ita a gindi, in ta ƙare ta karɓo abarta. Maigidan ya gaji da mita, wai ta mayar masa da bayan gida bola. Ita kuwa da fankon take gane kasuwarta. Ta san wata nas cikin masu sayen kayanta tana gama roba a mako biyar, ta san matar hedimasta tana kankare tata da cokali har sai ta yi ƙal. In fanko bai dawo ba, to ko man bai karɓi mutum ba, ko kuma don jin nauyinta aka saya. Na biyun ne ba ta so ko kaɗan.

"Auta, me ke cikin kwalayen nan?"

"Ruwan ƙarin kuzari ne, Yaya. Daga waje ake kawo shi. Da na yi rajista aka ba ni."

"Ya ɗanɗanonsa?"

Auta ta yi dariya. "Kai Yaya! Ba sha ake yi ba, kasuwanci ne."

Daga nan ta zayyana mata sauran. In tana son hawa matakin zinare, inda kuɗi ke shigowa kana barci, sai ta biya ninki huɗu na abin da ta biya, ta kuma kawo mutum uku. Mutanen ta riga ta zaɓa: Yaya, da aminiyarta, da Inna, uwar marigayi mijinta. Kuɗin kuwa, ta sami mai sayen keken, zai zo ranar Asabar ta sama.

Mai Sabulu ta dubi keken. Da shi Auta ke ciyar da 'ya'ya biyu tun da aka yi mata rasuwa. Ta san halin ƙanwarta, in aka ce mata kar ki yi, to an zuga ta ke nan. Sai ta ce, "Kai ni taronku in ji da kunnena."

A zauren wani otal aka yi taron, da hantsi. Wani matashi mai kwat ya cika allo da da'ira: ɗaya a sama, uku a ƙarƙashinta, tara a ƙarƙashinsu, har allon ya ƙare. Ya nuna hoton mota, aka yi tafi. Awa ɗaya yana magana bai ambaci ruwan ba sai sau biyu. Mai Sabulu ba mai son magana cikin jama'a ba ce, amma ta ɗaga hannu.

"Ɗana, kwalba ɗaya nake so in saya, in ɗanɗana."

"Mama, ba kwalba muke sayarwa ba, dama muke sayarwa. Ki yi rajista, kwali biyu naki ne."

"In na kasa sayarwa, kuna karɓar kayanku?"

"Mai neman nasara ba ya tunanin komawa baya, Mama." Aka sake tafi.

"To ina fankon?"

"Na'am?"

"Kwalaben da aka shanye. Ka ce ku dubu ne. Ina kuke zubar da su?"

Zauren ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce a ba Mama kwangilar kwasar shara. Mai kwat ya yi murmushi ya wuce zuwa hoton gida mai bene.

A hanya Auta kamar ta fashe. "Kin kunyata ni! Ke ma ba haka kike yi ba? Ba mata huɗu ne a ƙarƙashinki ba? Naki halal, nawa ne damfara?"

"Ban ce damfara ba. Amma in gobe kamfaninmu ya ce ya daina ɗaukar sabon mutum, ni zan ci abinci, don mutane ba za su daina wanka ba. Ku in aka daina shiga, wa zai biya ku?"

Auta ta ƙara sauri, alamar ba ta yarda ba.

"Ga shawara," in ji Mai Sabulu. "Buɗe kwali ɗaya, ki bi ni gidajen masu sayen kayana kwana biyar. In kin sayar da kwalba goma a farashinsu, wallahi ni ce ta farko a ƙarƙashinki."

Haka aka yi. Nas ta juya kwalbar ta karanta bayanta, ta ji farashi, ta tambaya ko da zinare aka dama. Matar hedimasta ta ce sai ƙarshen wata, ba ta dai faɗi wane watan ba. Wani mai aski ya sayi ɗaya yana kallon ƙasa, Mai Sabulu ta san fankon nan ba zai taɓa dawowa ba. Duk da haka ba ta rage wa ƙanwarta ƙoƙari ba. Ita ke sallama, ita ke cewa, "Ga ƙanwata da sabon kaya, ku duba mata."

Rana ta huɗu suka shiga gidan matar wani direba. Tana ganin kwalbar ta dafe ƙirji, ta ja su har ƙuryar ɗaki, ta ɗaga zanen gado. Kwalaye takwas ne a ƙarƙashi, masu ruwan zinare, duk a manne.

"Ni ina matakin zinare," ta ce da ƙaramar murya. "Injin niƙana na sayar. Wata bakwai ke nan ina neman mutum na uku. Maigidan bai sani ba. Don Allah 'yar'uwa, ki saye su ko a rabin kuɗi."

Da suka yi nisa da gidan, Auta ta dubi yayarta.

"Yaya, ashe da kuɗin Inna zan mayar da nawa."

Mai Sabulu ta gyara jakarta a kafaɗa. Ta ce, "Rana ta yi zafi, mu tsaya mu sha ruwa."

Kuɗin rajistar farko sun tafi. Auta ta buga waya sau uku, aka ce mata kaya in ya fita ba ya dawowa. Ta yi kukanta ta share. Ranar Asabar mai sayen keke ya zo da mota, ta fita ta ba shi haƙuri a ƙofar gida, ya tafi yana ƙunƙuni.

Ya tafi ke nan Mai Sabulu ta yi sallama, hannun baƙar jakarta ya tsinke. Ta zauna a kan kwalin da ba a buɗe ba, Auta ta sa zare ta ɗinke mata, suka ɗan yi jayayya a kan kuɗin ɗinki har Mai Sabulu ta tura mata su ƙarƙashin almakashi. Da ta koma gida ta juye fankon makon a baho, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta kife su a kan katanga su sha iska.