Uwar Kifi Za Ta Huta

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin tankunan kifi. Ta duba ruwa, ta tsame wanda ya mutu, ta zuba abinci da ɗan cokali tana faɗa: "Ku bi a hankali, abincin ba gudu zai yi ba." Daga nan ta zare shingen da ta sa jiya tsakanin maza da mata, don waɗannan ƙananan kifaye masu zane irin na jakin dawa da hasken safiya suke zuba ƙwai. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. A ɗakin bincikenmu Uwar Kifi ake ce mata, mu ɗalibai kuwa Inna.

Jikin 'ya'yan kifin garau yake kamar gilashi. Shi ya sa muke sa su a ƙarƙashin madubin bincike, mu bi jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu ɗaya bayan ɗaya, mu zana inda kowace ta miƙa da wadda ta haɗu da ita.

Bara taswirar jijiyoyin da nake zanawa ta ƙi. Jijiyoyin 'yan kwana biyar ɗina gajeru suke fitowa, ba su kai inda ya kamata ba, ga lokacin miƙa kundin digirina ya matso. Farfesan da ke duba aikina ya ce madubi ne, aka gyara. Ya ce hannuna ne, na sake sau uku. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara tunanin haƙura da karatun.

Wata safiya na wuce Inna da farantin kifina, ta leƙa.

"'Yata, kwanansu nawa?"

"Biyar, Inna."

"A takarda ko? Ɗan kwana biyar ba ya kwanciya a ƙasan faranti kamar malalacin miji. Da yanzu ya taso ya sha iska yana iyo."

Ta ɗauko tsohon ma'aunin zafinta, ta tsoma a kofin ruwa, ta sa cikin akwatin ɗumin da nake renonsu a ciki. Allon akwatin ashirin da takwas yake nunawa, ruwan kuwa ashirin da biyar. Ashe sanyi ne ya riƙe musu girma. Na sake aikin a wani akwatin, jijiyoyi suka kai inda ake jiransu, na miƙa kundina a kan lokaci.

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, wata huɗu muna zargin madubi!"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ku kan kifin kawai kuke kallo. Ni duk yaron nake kallo."

Ke ce, Inna, mai ido ba na aro ba. Ke ce kike sauraron ƙarar famfon iska daga bakin ƙofa ki ce a kira mai gyara, kwana biyu kafin ya tsaya. Sunanki bai hau kan takardunmu ba, amma babu taswira ɗaya da ba ta biyo ta hannunki ba. Na kasa faɗa miki wannan baki da baki, kin san ni. Na gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi cikin jikokinki.

Mu da muka rage, mu koyi kallon abin da ke gabanmu kafin mu gaskata allo. Ta ce duk mai son koyo ya zo kafin wata ya ƙare, har Farfesa. Sharaɗinta ɗaya ne: a wanke hannu, kuma kada wanda ya shigo mata da man shafawa, don yana cutar da kifi.