Littafin Da Na Binne A Gindin Tsamiya

Ko na manta shekaruna ba zan manta wannan abu ba, har yau in ya faɗo mini a rai sai in sunkuyar da kai ni kaɗai. Damina ce, irin wadda bango ba ya bushewa. Shekarar kowa a Jalingo zancen mulkin kai yake yi, ana cewa Turawa za su tafi, mai takardar sana'a shi zai sami wurin zama. Ni ma lokacin nake zuwa ajin yaƙi da jahilci a Majidaɗi. Na iya haɗa baƙi, na iya lissafi har rabawa, ina ji da kaina a ɓoye.

Ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, ya shekara biyu yana koyon aikin wayar mota a garejin En'e, wato hukumar gargajiya. Saura kwana huɗu ya tafi Yola jarrabawa, in ya ci a ɗauke shi cikakken ma'aikaci. Sai na ga ya canza. Ya rame, tuwo ba ya shiga, yana zaune yana motsa baki shi kaɗai.

Ran nan ina share masa ɗaki na ɗaga tabarma, sai ga littafi. Na buɗe da murnar zan karanta. Shafin farko zane ne mai kusurwa uku, an raba cikinsa gida uku, kowane gida da harafi guda. Na haɗa su ta gaba, na haɗa ta baya, ba su ba da kalma ba. Sauran shafuka duk lambobi ne, da wata alama kamar tukunya a kife. Gabana ya faɗi. Na sa shi cikin mayafi na nufi wajen maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar garin Kona.

"To, 'yar boko, me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Goggo."

"Rubutun da ba ya magana ai ba don karatu aka yi shi ba. Hatimi ne. Abokan aikinsa ba sa so ya wuce su. Ki binne yau, kada ya sake kwana a kai."

Na naɗe shi da tsumma na binne a gindin tsamiyar bayan gida. Tambaya ɗaya da ta ishe ni, amma kunyar ɗan fari ta hana ni, ga kuma girman kai, wai ni mai karatu ce, abin da ban iya karantawa ba to ba karatu ba ne.

Bayan la'asar ya dawo, ana tsuga ruwa. Ina ji yana birkita ɗaki. Ya leƙo ya ce, "Inna, ba ki ga littafina ba?"

Na ce, "Ban gani ba."

Wannan kalma ta fi binnewar ci mini rai. Can sai ya jawo takalminsa, ya ce ya san wanda ya ɗauka, abokin aikinsa ne ɗan garin Iware da ya shigo jiya, yau ko shi ko shi. Da na ga zai fita ya ɗora wa bawan Allah sata, na juya fuskata bango na faɗa masa komai.

Sai ya tsinci kara, ya tsuguna a bakin rumfa, ya zana mai kusurwa ukun nan na littafin a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Inna, kin ga ruwan indararon can? Wutar batir haka take gudu a waya. Harafin sama shi ne ƙarfin da ke turo ta, bolt. Wannan yawan wadda ke wucewa, amfiya. Wannan kuma turjiya, yadda hanya ke matse ta. Batirin mota bolt sha biyu ne, ƙwan fitila ya ja amfiya uku. Raba sha biyu gida uku."

Na ce a hankali, "Huɗu."

"Turjiyarsa ke nan, om huɗu. Alamar om ita ce tukunyarki a kife. Sha biyu sau uku fa?"

Na motsa baki kamar yadda yake yi. "Talatin da shida."

"Wat talatin da shida, ƙarfin da ƙwan ke ci. In na kuskure, na sa wayar da ba ta dace ba, ta yi zafi, mota ta kama da mutane a ciki. Shi nake bita." Ya yar da karan. "Ga shi ke ma kin yi tsafin. Sai Goggo ta binne mu tare."

Dariya ya yi, amma idonsa ya kaɗa. Aikin shekara biyu ne a littafin. Na miƙe zan tono, ya ce in bari, ruwa ya kwanta a wurin har idon sawu, ga magariba ta kawo jiki.

Ba zan ɓoye ba, wannan shekarar bai ci ba, sai ta gaba. Bai taɓa cewa ni ce sanadi ba, har ya yi furfura, kuma shirun nan nasa ya fi mini faɗa zafi. Abin da na koya shi ne, iya karatu ba ya sauke wa mutum nauyin tambaya, kuma tsoro in ya haɗu da so yakan yi ɓarnar da maƙiyi bai isa ya yi ba.

Washegarin ranar binnewar, da na idar da asuba na ɗauki fartanya na tono littafin. Rabin tawadar ya zube. Na ware shafukan ɗaya-ɗaya na jera a faifai kusa da murhu. Sannan na ɗauko littafina na aji, na yage shafukan da na rubuta sunana sau ba adadi, na fiƙe fensir, na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ce, "Kai, fito ka faɗa, ni in rubuta."