Yadda Malam Ɗanjuma ya mai da gidana aji

Duk wanda ya zauna a unguwar Sabo ya san marigayi Malam Ɗanjuma mai zanen gini. Ba ya shiga gidan mutum sai ya lashi ɗan yatsa ya ɗaga sama, yana neman ta inda iska ke shigowa. Gaisuwa sai bayan nan. In bai ji komai ba sai ya ce, "Gidan nan ba ya numfashi, Allah ya jiƙansa."

Da safe yana koyar da zanen gini a kwaleji, da yamma yana yi wa mutane zane, su kuma su ƙi bi. Ina cikinsu.

Da zan yi gidana ta wajen unguwar Mokola, ya zana mini na tubalin ƙasa, tagogi suna kallon juna, tsohon mangwaron filin a tsakar gida. Na ce, "Haba Malam, dillalin goro guda a gidan ƙasa? Me baƙina za su je su faɗa a Kano?"

"Za su ce sun yi barci."

Na sare mangwaron, na yi ginin bulo, na malale tsakar gida da siminti. Zafi na shigowa goro ya fara bushewa a cikin huhu, fatakena suka fara kai kayansu wani gida.

Malam bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Sai ga shi da rana tsaka da ɗalibai mota guda. Ya cusa su ɗakin goro, ya ja ƙofa. Da suka fito sharkaf da gumi ya ce, "Darasin yau ya ƙare. Ku gode wa Alhaji, shi ya gina muku." Wata ɗaliba Bayarabiya ta durƙusa har ƙasa ta yi mini godiya da yarensu, "E she, Baba."

Haka kowace shekara, har masu okada suka sa wa gidana suna Makarantar Malam.

Da na ga zan rasa sauran fatake, na tafi gidansa na ƙasa da roƙon ya ajiye mini goro. Na same shi cikin sanyi kamar bakin randa, butarsa a kan na'urar sanyaya ɗaki da ɗansa ya aiko, ko daga kwalinta bai fitar ba. Ya yarda, amma da sharaɗin in fasa simintin tsakar gidana in dasa mangwaro.

"Malam, ai zan mutu ban sha inuwarsa ba."

"Wa ke ta taka? Goron nake tausayi."

Ga ni yau a inuwar, shi ne bai ga girmansa ba. Allah ya sanyaya makwancinsa, mutumin da bai so kowa ya kwana cikin zafi ba. Ku kuma, in kun tarar da itace a filinku, don Allah kada ku yi irin tawa.