Neman Dodon Hoton Babanmu

Shekarun baya, lokacin da idon mahaifiyata ya fara yin yana, ta kira ni ɗakinta a Kazaure ta miƙo min wani ɗan hoton fasfo da ta ciro daga ƙasan adaka. Hoton marigayi mahaifinmu ne, baƙi da fari, gefensa duk ya cinye, kuma shi kaɗai ya rage mana. Ta ce, "Na daina ganin fuskarsa a nan. A mayar min da shi babba tun ina ɗan gani." Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta roƙi wani abu don kanta ba, shi ya sa maganar ta tsaya min a rai.

Ni kuwa a lokacin na sayi sabuwar waya, ina ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Na ce, "Inna, wannan ai aikin minti biyar ne." Na ɗauki hoton da wayar, na kai wa abokina mai shagon hoto ya wanke min babba. Ya miƙo min na duba. Ido da hanci duk sun narke, kamar an watsa wa rubutun allo ruwa.

Da yake ni ba na yarda da laifi da wuri, sai na hau shi da faɗa, wai injinsa ne ya tsufa. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Zauna, malamin waya. A cikin kowace kyamara akwai ɗan farantin da haske ke sauka a kai, sansa muke ce masa. Na wayarka bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Nawa ya fi shi, kurof ake ce masa. Sama da shi akwai ful-firem, wanda girmansa ɗaya da tsohon fim ɗin nan talatin da biyar. Amma ko shi ka ɗauko, ba zai ƙago abin da babu a wannan 'yar takarda ba. Dodon hoton za ka nemo." Yana nufin ainihin fim ɗin da aka wanke hoton daga jikinsa. Ya ce in talatin da biyar ne za a samu daidai gwargwado, in kuwa babban fim ne, wanda suke kira wan-tuwanti ko shida-shida, to har gashin gira zai fito.

Na koma na tambayi Inna. Ta ce a Roni aka ɗauka, zamanin Baba yana malamin gona, kuma wani Bayarabe ne ya zo har gida da kyamarar da ake ratayawa a ƙirji ana leƙa ta daga sama. Da na faɗa wa abokina sai ya buga cinya ya ce, "Wan-tuwanti ce! In dai mutumin nan yana raye, je ka nemo shi."

Yayyena suka ce na so wahala. Na ce na ji, wahalar ai tawa ce. Da damina na hau babur zuwa Roni, aka ce ya daɗe da komawa Gwiwa. Na je Gwiwa, bayan na sha kaye a taɓo har sau biyu, aka ce ɗansa ya ɗauke shi zuwa Babura. Ranar na dawo gida riga ta yi dumu-dumu, matata ta dube ni ta ce ko noma na koma. Ban kula ta ba. Asabar na zagayowa na kama hanyar Babura.

Na same shi zaune a ƙofar gida, tsoho tukuf, Hausa a bakinsa kamar haifaffen Kano. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya juya fasfon ya ce, "Aikina ne. Ni ba na zubar da fim, ɗana. Amma ban rubuta sunan kowa ba, gari kawai na rubuta." Aka jawo wata akwatin ƙarfe cike da ambulan, na Roni kaɗai ya isa ya sa mutum kuka. Ya ce, "Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka."

Asabar uku na yi ina zuwa. In ɗaga fim ɗaya sama saitin rana, in ajiye, in ɗauki wani. A jikin dodo baƙi fari ne, fari baƙi ne, kowa sai ya koma tsoho mai furfura. Sau biyu ina ihun na ga Baba, tsohon ya karɓa ya ce, "Wannan ai mace ce." Daga baya ya koya min in daina kallon fuska, in riƙa duba hula da wuyan riga ina gwadawa da fasfon. A Asabar ta uku, wajen la'asar, na same shi. Fim ne mai kusurwa huɗu daidai wa daida, ya kusa cika tafin hannuna. Na lura akwai wani abu a gefe wanda babu shi a fasfon. Tsohon ya ce, "Haka shida-shida yake, yana ɗaukowa da yawa. In fasfo ake so, kai da kafaɗa kawai muke yankowa."

Abokina ya kai shi Kano aka wanke gaba ɗayansa. Da ya dawo ya warware min takardar a shago. Ga Baba a kan kujera, har zaren hularsa ana gani. A gefen dama kuma ga wata matashiya ta miƙa hannu ta riƙe baƙin ƙyallen da aka rataya a bayansa, rabin fuskarta a waje, tana dariya. Inna ce. Abokina ya ce in ina so zai yanke gefen, tunda na san halin iyayenmu da kunya. Na ce bari in tambayo mai abu.

Na jingina mata shi a bakin ƙofa inda haske yake. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta daɗe a kan fuskarsa, sannan ta gangaro gefe, sai ta rufe baki da mayafi. Ta ce, "Iska ce ke ɗaga ƙyallen, babanku ya ce in riƙe. Ashe mutumin nan har da ni ya kama." Na ce, "Inna, a yanke gefen?"  Ta ce, "An yanke sau ɗaya. Ya isa."

Shekara biyu ta yi tana kallonsa kafin idon ya rufe gaba ɗaya. Har yau ban zama gwanin hoto ba, kurof da ful-firem ma sai in rikita su. Abin da na riƙe shi ne, in dattijo ya roƙe ka abu ɗaya a rayuwarsa, kada ka tsaya shawara da masu cewa ba zai yiwu ba. Kuma duk lokacin da na tuna da kayen da na sha a hanyar Gwiwa, daɗi nake ji, don ta gan shi da idonta, ta kuma ga kanta kusa da shi.