Dawakin Alhaji Garba da Kuɓewar Yaba

Da damina kakata ta fi yi mana tatsuniya. In an ci tuwo an yi sallar isha, sai ta ja 'yar kujerarta ƙarƙashin rumfar kwanon da ke bakin ɗakinta, ta tona garwashi, ta jera masara a kai, ta watsa ɗanyen ganyen dogon yaro a gefe don hayaƙinsa ya kori sauro. Mu yaran gidan da na maƙwabta mu zagaye ta, idanu na ta hawaye, amma ba mai yarda ya ja baya a ƙwace masa wuri. A Zangon Wagadugu aka haife ta, sai dai Hausarta ta mutanen Ƙonni ce, irin ta uwarta. Yaba muke ce mata, yadda muka ji 'ya'yan ƙabilar Mosi na kiran kakanninsu, ita ma ba ta taɓa hana mu ba.

Yaba tana da 'yar gona a bayan gida, ba wani girma gare ta ba, kuma kuɓewa kaɗai take shukawa a ciki. Irin kuɓewar nan, uwarta ce ta zo da shi ƙulle a bakin zane, lokacin da ta biyo fataken goro zuwa ƙasar nan. Gajera ce mai kauri, da ɗan ja a wuya, yauƙinta kuwa sai ka yanke da baki. Kowace shekara Yaba kan zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau ta ɗaura musu jan tsumma, ta bar su su bushe a jikin kara don iri. Duk wanda ya tsinki mai jan tsumma, ranar nan zai san akwai tsumagiya a gidanmu.

Bayan gonar akwai wani fili na Alhaji Garba, mai sayar da atamfa a Rood Woko, babbar kasuwar da muke kira marshe. Wata shekara kasuwa ta yi masa kyau, sai ya sayo ƙananan dawaki uku, irin waɗanda ake kira ƙuru, ya zuba su a filin, ya kewaye da zana da ƙaya. Shingen nan ko tunkiya ba zai riƙe ba. Akwai wata farar goɗiya a cikinsu da 'ya'yansa suka sa wa suna Madam, ita ce uwar ɓarna. Da leɓe take zare igiyar ƙofa, ta tura zanar da ƙirji, sauran biyun su bi ta. Alhaji ya toshe ɓarakar da murfin tsohon firji, suka fita ta gefensa. Ya yi musu dabaibayi da tsumman atamfa, Madam ta tauna nata ta tauna na 'yan'uwanta. Ya ɗaure ƙofar da robar tayar mobilet, wato ƙaramin babur, ita ma ba ta daɗe ba. Kowa a Zango dariya yake yi, har da mu.

Dariyar ta ƙare mana ranar da muka tashi muka tarar da su a gonar Yaba. Sun cinye abin da suka ci, sun tattake sauran cikin laka, jajayen tsummokaran nan warwatse a ƙasa. Yaba ta tsaya ta daɗe tana kallo. Sannan ta yafa mayafi ta nufi gidan Alhaji, ni ina riƙe da gefen zanenta.

"Garba," ta ce, don ta san shi tun yana yawo ba wando, "dawakinka sun cinye mini iri."

"Ayya Inna, ki yi haƙuri, dabba ce, mi ta sani?" Yana maganar yana goge madubin mobilet ɗinsa. "Kuɓewa ce fa. Yau ɗin nan in na taso daga marshe sai in aiko miki da kwando guda."

Ya kuwa aiko. Yaba ta ɗauki kwandon ta juye wa awaki, ta mayar masa da shi wayam. Abin da ya rage mata na irin uwarta ɗan ƙulli ne da bai cika tafin hannuna ba. Ta shuka shi duka, damina ta riga ta raba tsakiya. In dawakin nan suka sake shiga, shi ke nan, kuɓewar ta ƙare a duniya. Ni kaina da ƙuruciyata na tsani Madam, na tsani mai ita, har addu'a nake yi Allah ya sa maciji ya sare ta.

Da daren ranar da ta yi shukar muka taru kamar kullum, har da Rabi 'yar Alhaji, wadda ita ce babbar ƙawata. Yaba ta juya masara, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne." Muka ce, "Ta iso mu ji."

Ta ba mu labarin wata tsohuwa da ke zaune kusa da wani attajiri mai dawaki. Dawakin sukan tsallake shinge su ci mata shuka, ta kai kuka, attajirin ya ce dabba ba ta da laifi. Tsohuwa ta ce gaskiya ne. Ba ta dake su ba, ba ta sa musu guba ba. Sai ta riƙa jiƙa dusa da kanwa kowace safiya, ta kife ƙwarya ta buga ta da ludayi, ƙwas ƙwas ƙwas, dawakin su zo su ci. Da haka har ya zama ba su san muryar kowa ba sai ta ƙwaryar. Ranar da attajirin ya ci ado ya hau dokinsa zai je neman aure, jama'a sun cika hanya, sai tsohuwa ta fito da ƙwaryarta. Nan Yaba ta tsaya, ta ɓare masara ta miƙa wa Rabi.

"Yaba, sai me ya faru?" muka tambaya.

"Mi kuke so ya faru? Doki ya san mai ba shi kanwa." Ta kalli Rabi. "Ke ɗiyata, in kin je gida ki ba babanki wannan tatsuniyar, kar ki rage ko kaɗan. Na tsinke ta nan, ƙarya ce irin ta Gizo."

Rabi ba wawiya ba ce. Ta ga abin da duk muka gani, don tun washegari Yaba ta fara jiƙa dusa da kanwa a ƙofar gida, can nesa da gonar, tana buga ƙwarya, Madam da 'yan'uwanta suna fasa zana suna rugowa. Yarinya ta je ta ba ubanta labarin har ba sau ɗaya ba. Shi kuwa a wurinsa, kamar kowane magidanci a unguwarmu, tatsuniya abin mata da yara ce, babban mutum mai hula ba ya sauraronta, balle ya gyara shinge saboda ita. Ya ce mata, "Je ki yi karatun lakwal ɗinki," wato na boko. Har daɗi ya ji da ya ga tsohuwa tana ciyar masa da dabbobi, ya ce wa mutanen masallaci ai Inna ta huce.

Ranar ɗaurin auren ƙanensa aka shirya za a tafi unguwar Kamsaoghin, gidan amarya. Alhaji ya ce shi zai ja gaba a kan Madam. Ya sha farar shadda mai sitaci, ya ɗare kan 'yar goɗiyar nan, ƙafafunsa na neman taɓa ƙasa, sauran biyun samari na janye da su a baya. An yi ruwa da asuba, kanibon bakin titi, wato lambatun nan mai faɗi, ya cika da baƙin ruwa. Masu mobilet na ta busa oda, mata na guɗa. Ina tsaye a ƙofar gida na ga Yaba ta fito a hankali, ta zauna, ta kife ƙwarya tsakanin ƙafafunta.

Ƙwas ƙwas ƙwas.

Madam ta miƙe kunnuwa, ta juya a wuri guda, ta yi tsalle ta haye kanibon. Alhaji bai haye tare da ita ba. Da aka tsamo shi, hularsa ta riga ta bi ruwa, shaddar nan ta koma kalar bayan tukunya. Bai ji ciwo ba sai gurjewar gwiwa, amma duk Zango ta gani, har da dangin amarya da suka zo tarya. Ya tako har ƙofarmu yana ɗiga, dawakinsa uku sun sa kai cikin dusa.

"Inna, haka za ki yi mini?"

"Dabba ce, Garba," ta ce. "Mi ta sani?"

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa. Kafin mako ya zagayo ya kawo magina, aka ja katangar bulo tsakanin filinsa da gonarmu. Madam ba ta daina fita ba, ta gaba take bi, ta zo ta tsaya a ƙofarmu, Yaba kuwa ta ci gaba da ba ta kanwa tana zaginta. Kuɓewar ta yi 'ya'ya daf da ɗaukewar ruwa, muka sami iri.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar haƙuri take koya mana. Sai da na girma na gane Yaba ba haƙuri ta yi ba, jira ta yi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye komai ba, ta aika masa da dukan shirinta ta bakin 'yarsa, raini ne ya hana shi ji. Kuma ba ta yafe ba. Tana ciwon ajali ta damƙa mini ƙullin irin, ta ce in ba duk wanda ya roƙa, Bahaushe ko Bamoshe, ban da gidan Garba.

An rushe tsohuwar unguwarmu tuntuni, gonar da filin duk sun zama benaye. Yanzu a unguwar Gounghin nake, ina shuka kuɓewar a cikin tsofaffin tayoyin mota, ina ɗaura mata jan tsumma. Bara Rabi ta kawo mini ziyara, mu duka da furfura. Ta ga shukar ta gane ta nan take, ta ce, "Don Allah ki ɗan sam mini, ko kaɗan ne." Ina son Rabi, kuma na san ita ta yi iya ƙoƙarinta tun muna yara. Na shiga ɗaki na cika mata kwano har yana zuba da busasshiyar kuɓewar, dakakkiya lilis, wadda za ta yi mata miya har wata damina. Ta leƙa kwanon, ta murza garin tsakanin yatsunta, ta ɗago ta kalle ni.

"Ko ƙwaya ɗaya babu?"

"Babu," na ce.