Muryar da ba ta ƙetare teku ba

A Sa'alaba, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, aka haife ni, a wani gidan katako mai rufin kwano. Mahaifina a ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ta Sudan. Ya yi hajjinsa, guzurin komawa ya gagara, ya sayi jaki ya shiga sayar da ruwa. Ni kuwa na taso ina dako a shagon wani mai sayar da katako, shi ne kafilina, wanda ya tsaya mini a takardar zama. Da yamma in bi makaɗan biki. Murya Allah ya ba ni. In na ɗaga ta a biki a unguwar Kurayyat, har masu shago a bakin titi suna ji.

A tsakiyar shekarun sittin wani Bamisire ya ji ni a irin wannan biki. Malamin kiɗa ne, an ɗauko shi aiki daga Alƙahira, dattijo mai furfura da yawan tari. Da aka tashi ya kamo hannuna ya ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce, "Ba kowa, ya ustaz."

Ya ce, "Na ji alama. Kashe maƙoshinka kake yi. Zo ka same ni."

Ɗakinsa yana unguwar Aziziyya. Ranar farko bai bari na rera komai ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya sa na kwanta rigingine, ya ɗora mini bulo a ciki, ya ce in ɗaga shi da numfashi. Daga baya ya sa faifai. Wani mutum ne yake waƙa da Italiyanci, ban gane ko kalma ba, amma tsigar jikina ta tashi. Ustaz ya ce wannan shi ake kira opera, wasan kwaikwayo ne da ake yin sa duka da waƙa, kuma mutumin da nake ji babu lasifika a gabansa. Ya ce irin muryarsa gare ni, sai dai tawa ɗanya ce.

Haka na yi ta zuwa, rani da sanyi. Na daina shan sigari, na daina ihun da masu biki ke so, har wasu suka bar gayyata ta. Ban damu ba.

Wata rana ya tare ni a bakin ƙofa da fara'a. Ya ce an ware tallafin karatu, minha, za a tura wasu mawaƙa Alƙahira su ƙware, da masauki da abinci, kuma ya ba da sunana. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Inna ta wanke mini farar riga, ta goge da dutsen guga na gawayi.

Na tsaya gaban mutanen kwamitin tallafin bayan la'asar, na rera abin da ustaz ya koya mini. Babbansu ya ajiye carbinsa ya ce masha Allah. Sai magatakarda ya miƙo hannu ya ce in kawo katin ɗan ƙasa. Na ba shi iƙama, takardar zaman baƙi. Ya duba, ya mayar mini da hannu biyu, cikin mutunci. Ya ce, "Ka yi haƙuri ɗan'uwa, ta 'yan ƙasa ce."

Na ce, "A nan aka haife ni."

Ya ce, "Na sani. Ba ni na tsara ba."

Na iske Baba a bayan gida yana ba jaki ruwa. Ban taɓa yi masa tambaya irin wannan ba. Na ce, "Baba, lokacin da maƙwabta suka nemi takardar zama 'yan ƙasa, me ya hana ka?"

Ya ce, "Na ɗauka bana ko baɗi za mu koma gida."

Gidan da yake nufi ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai sake ganinsa ba har ya rasu.

Ustaz bai haƙura da wuri ba. Ya yi magana da abokansa na Alƙahira, suka ce in na iso da kaina za su karɓe ni. Na je wurin kafilina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "In ka fita, halas, shi ke nan. Ba ni da hannu a dawowarka." A lokacin ƙafafun Baba sun fara kumbura, jakin ma ni nake kora wasu ranakun, ƙannena mata kuma ba su da kowa. Na kwana biyu ina juya maganar, amma babu ta inda za ta ɓulle.

Wani mai kaɗa garaya irin ta Larabawa aka tura a gurbin. Mutumin kirki ne, har ya zo ya yi mini sallama. Bai daɗe ba ya dawo, ya ce sanyi da karatun ba su karɓe shi ba, ya buɗe shagon firji.

Da aikin ustaz ya ƙare na raka shi tashar jirgin ruwa. Ya ce in ci gaba da motsa muryar kullum. Na ce to. Mu duka mun san ba za a yi ba.

Bayan rasuwar Baba na samu aikin dillanci a kasuwar kifi, mai kiran farashi a gwanjo. Don muryar suka ɗauke ni. Kowace safiya ina ihu a kan kwandunan kifi, cikin gishiri da hayaniya, da maƙoshi kai tsaye, don ba a gwanjo da ladabin numfashi. Muryar ta fara dishewa da yamma ta dawo da safe. Daga baya ta daina dawowa.

A bikin ƙanwata ta ƙarshe tsofaffin unguwa suka matsa sai na yi waƙa. Na tashi, na fara, na zo wurin da ake hawa sama, sai iska kawai ta fito. Na sake gwadawa. Makaɗan suka ƙara ƙarfin ganga don su rufa mini asiri, wata tsohuwa ta yi guɗa, aka kawo shinkafa. Na zauna na ci tare da kowa.