Inna Tani, wadda muka daina amsa wa kira

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. A safiyar Asabar, 24 ga Fabrairu 2024, Allah ya karɓi ran Inna Tani, unguwarzomar unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, bayan gajeriyar jinya. Mijina Armiya'u ne ya shigo da labarin daga masallaci. Littafi ne a hannuna, kuma har yau ban sake buɗe shi ba.

Inna, daga Gurbin Ɓore kika zo garin nan bayan rasuwar maigidanki, da ƙullin kaya da tukunyar dafa ruwan jego. Da wuya a sami yaro a layinmu wanda ba hannunki ne ya fara yi masa wanka ba. Kin san sunan kowane, na yanka da na gida. Ranar da aka kawo ni amarya daga Shinkafi, ina kuka a ƙuryar ɗaki, ke kika shigo da kunun gyaɗa kika ce, “Ɗiyata, sha ki ƙoshi, kukan ma ƙarfi yaka so.” Da kika gane ni mayyar karatun littattafai ce, sai kika riƙa zuwa bayan la'asar in karanta miki. Na soyayya ba su dame ki ba. Na ban tsoro kike so, kina dariya kina cewa marubutan ba su taɓa kwana a daji ba.

Cikin littattafan akwai wani tsohon littafi da iyayenmu ma sun karanta, labarin tsohuwar da ke zaune bakin rijiyar da aka daina ɗiba, tana kiran yara da sunayensu, duk wanda ya amsa sai ya rame ya mutu. Da Zaharaddeen, abokin mijina mai shirya fim, ya zo zai mayar da littafin shirin talabijin mai dogon zango, ya rasa wadda za ta fito a tsohuwar. 'Yan wasan da ya gwada duk ihu suke yi da zare ido. Ni na ce masa ga ki. Ina ta mafarkin ganin sunanki yana hawa a fuskar talabijin.

Kin ce sai an tambayi Liman, ya ce wasa ne, babu laifi. A wani kango kusa da layin dogo aka ɗauka. Sun kawo toka da baƙin zane za su ɓata miki fuska, kika ce su bari. Kika zauna bakin rijiyar da suka haɗa da katako, kika kira sunan yaron labarin a hankali, da muryar nan da kike kiran yaranmu su zo su karɓi ƙuli-ƙuli. Na ga mai riƙe kyamara ya ja da baya. Da aka tsaya, ke kika fi kowa dariya, kuma abin da aka ba ki kika sayo sabulu da man shafawa na jarirai.

Shirin ya karɓu har Zurmi da Birnin Tsaba, ana tura shi waya zuwa waya. Daga nan muka fara abin da nake jin kunyar rubutawa. Yara suka daina amsa miki. Kina kira, uwa ta toshe bakin ɗanta ta ja shi ciki. Aka fara raɗa cewa babu mai iya wannan kira sai wadda ta saba. Aka haihu a gida biyu, ba a aika miki ba. Mu da muka san yadda aka yi rijiyar katakon, muka ɗauki maganar abin dariya, har muna cewa alamar kin iya wasa ce.

Sai zazzaɓi ya kama Mubaraka, 'yar maƙwabciyarmu Karima, tana sambatu tana ambaton sunanki, kamar yadda kowane yaro mara lafiya a layin nan ya saba neman ki. Aka ce kin kama kurwarta. Aka ɗauko yarinyar aka taru a ƙofar ɗakinki, aka ce sai kin tsallaka ta, yadda ake sa wadda ake zargi da maita ta saki wanda ta kama. Kin san duk wadda ta tsallaka ta amsa laifi ke nan a idon mutane. Kika dubi Karima, wadda ke kika karɓi haihuwarta, kika ce, “In wanga ne zai kwantar miki da hankali, kauce in wuce.” Kika ɗaga zanenki kaɗan kika tsallaka. Sannan kika duƙa kika taɓa goshin yarinyar, kika ce, “To na yi naku. Yanzu ku yi nawa, ku kai ta asibiti tun ba ta sheme ba.”

Muna tsaye, mata cike da tsakar gida, muna kallo. An kai Mubaraka asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta warke. Wasu suka ce ai tsallakawar ce ta yi aiki.

Tun daga ranar ba ki sake kiran yaro da sunansa ba. Sai dai ki ce “kai yaro”, ko ki miƙa ƙuli-ƙulin ki yi shiru. Kin ci gaba da zuwa karatun la'asar, ba ki taɓa ce mini ni na jawo miki ba. Sau ɗaya kawai kika ce, “Lubabatu, ɗauko mana na soyayyar nan naki.”

Ranar uku da rasuwarki, Karima ta zo zaman makoki riƙe da Mubaraka. Ta kasa zama a tabarma. Ta same ni a bakin ƙofar ɗakinki ta ce, “Ke da kika iya rubutu, ki rubuta yadda kowa zai gani. Ki sa sunana. Ki ce Inna Tani ba mayya ba ce, ni Karima na zalunce ta.” Na rubuta, Inna, kuma na ƙara da namu sunan, mu da muka tsaya muna kallo. Duk wanda ya kalli shirin nan ya ji tsoron muryarki, ya sani da ita aka rarrashi rabin yaran unguwarmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Abdulbasit da ƙanwarki Nagoggo da sauran dangi a Gurbin Ɓore, ina roƙon su yafe mana abin da ba mu nemi yafiyarsa a wurinki ba. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane jaririn da kika wanke ya zama nauyi a mizaninki. Idan ya yi mana gafara ya haɗa mu a gidan Aljanna, ki kira mu da sunayenmu, Inna. Za mu amsa.